Tankin jatan lande ya fara yoyo: faci, sake silikon, ko sabon tanki?

Idan tankin gilashin da ake kiwon jatan landen ruwan daɗi a ɗaki ya fara yoyo, hankalin mai shi kan tafi ne ga ruwan da ke zuba a ƙasa. Amma ba kasafai yoyon kansa ke kashe jatan lande ba. Abin da ke kashe su shi ne abin da ake yi bayan an ga yoyon: a kwashe su da gaggawa a juye cikin sabon ruwa, a bar matacin ruwa ya bushe, a tone ƙasar tankin, ko a shafa silikon, wato gam ɗin da ke haɗa gilashin tanki, wanda bai dace ba. Don haka duk hanyar da za a bi, da abu biyu za a auna ta. Shin za ta tsayar da ruwan da gaske? Sannan sau nawa za ta sa a ɗaga dabbobin daga wani ruwa zuwa wani, kuma kwana nawa za su yi a wurin aro?

Kafin a zargi gilashin

Fara da wuta. Cire hita da fitila daga soket, ka ɗage soket ɗin daga ƙasa. Hita mai gilashi idan ruwa ya sauka ya bar ta a fili tana aiki, tsagewa take yi, kuma ko bayan an kashe ta a bar ta kamar minti 15 ta huce kafin a fito da ita. Injin iska kuwa a bar shi yana aiki muddin yana wuri busasshe.

Daga nan sai a tabbatar yoyon na gaske ne, domin sau da yawa gilashin ba shi da laifi. Matacin da ake ratayawa a bayan tanki idan ya toshe yakan tumbatsa ya riƙa zubarwa ta baya. Tiyon iska idan wuta ta ɗauke, kuma injin yana ƙasa da tankin, yakan zuƙo ruwa ya gangaro da shi, sai fa idan an sa masa ɗan makullin da ke hana ruwa komawa baya. Gumin murfi yana bin gefe ya sauko. Kai, ko ganyen tsiro guda da ya leƙo waje, ko wayar hita, suna iya jan ruwa a hankali kamar lagwani. Goge tankin tas ya bushe, ka manna tishu a kowace kusurwa daga sama har ƙasa, ka shimfiɗa wani a gindinsa, ka sa alama da salatif daidai inda ruwa ya tsaya. Tishun da ya fara jiƙa, kuma wanda ya fi kowanne nisa daga ƙasa, shi ne ke nuna inda matsalar take.

Lissafin saurin yoyon ba wuya. A tanki mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, saukar ruwa da santimita 1 na nufin lita 1.8 ta fita. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kai kusan lita 4 a kwana guda. Idan ruwan ya sauka zuwa wani wuri ya tsaya cak, ramin yana daidai wannan tsayin. Idan bai tsaya ba, yana ƙasa, kuma wannan ne mafi muni, saboda nauyin ruwa ya fi danna gindin tanki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato tankin 60 da 30 da 30 yana riƙe da kilo 54 na ruwa kaɗai, ban da ƙasa da duwatsu.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da silikon ɗin tanki, domin a kansa zaɓin ya rataya. Iri biyu ne a wuri ɗaya. Akwai siririn da ke tsakanin fallen gilashi da ɗan'uwansa, shi ne ke riƙe tankin kada ya rabu. Akwai kuma mai kauri da ake gani a cikin kusurwa, wanda aikinsa kare na farkon ne daga ruwa. Haska tocila ta gefen gilashin ka duba na tsakanin. Idan tas yake, babu kumfa, babu fari-fari, babu kore da ya kutsa ciki, ginin tankin lafiya lau ne. Idan ka ga ya yi fari-fari a wuri mai tsawo, ko ruwa na kai-komo a cikinsa, gilashin ya fara rabuwa, kuma babu wani shafe-shafe da zai mayar da shi.

Hanya ta farko: rage ruwa, ko yin faci

Idan yoyon yana kashi ɗaya cikin uku na sama, mafi sauƙin abu shi ne a rage ruwa zuwa santimita 3 ko 5 ƙasa da ramin a bar shi haka. Jatan lande a ƙasa da jikin tsirrai suke rayuwarsu, ba ruwansu da zurfi. Ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe su na makonni, muddin soson mataci da hita suna nutse gaba ɗaya. Ba a taɓa su ba, ba a taɓa ƙasa ba, ruwansu ne dai. Aibinsa guda: ruwa kaɗan ya fi saurin sauya zafi da saurin tara datti, don haka a rage abinci. Ruwan da aka kwashe kuma kada a zubar, a ajiye shi a bokiti mai tsabta, za a buƙace shi.

Faci ta waje shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, kuma shi ne ya fi ba da kunya. Ruwa daga ciki yake turowa, saboda haka duk abin da aka liƙa a waje ruwan ture shi yake yi, saɓanin na ciki da ruwan ke ƙara danne shi a ramin. Ƙari a kan haka, silikon ba ya kama jiƙaƙƙen gilashi, kuma sabon silikon ba ya kama tsohon da ya riga ya bushe. Sau da yawa ruwan sai ya bi ta ƙarƙashin facin ya ɓullo ta wani wuri bayan 'yan kwanaki. Gam mai saurin kamawa, wanda ake manna gansakuka a jikin itace da shi, ba ya cutar da jatan lande idan ya bushe, amma tauri yake yi kamar dutse, mahaɗar gilashi kuwa tana ɗan motsi idan ruwa ya cika, sai ya tsage. Akwai kuma wani gam mai kama da ƙullu da ke bushewa a cikin ruwa. Yana iya rage ɗiga na kwana biyu ko uku, iyakarsa ke nan, domin shi ma ba ya kama silikon.

Wasu kan rage ruwa su yi faci ta ciki alhali dabbobin suna nan. Ba mu goyon bayan wannan. Silikon ɗin tanki yana fitar da sinadari mai tsami yayin da yake bushewa, shi ne warin binegar da ake ji, kuma a ruwan da ba shi da abin da zai tare tsami, ɗan kaɗan ya isa ya karya pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Sannan ba yadda za a goge wurin da sifirit ko asiton a saman ruwan da ke da rai a ciki. Ɗauki wannan hanya a matsayin jinkiri kawai, har a shirya ɗaya daga cikin biyun da ke tafe.

Hanya ta biyu: kankare silikon ɗin ciki a sake sabo

Wannan gyara ne na gaske, amma sai an kwashe komai, kuma ba a yin rabinsa. Tunda sabo ba ya kama tsoho, sake kusurwa ɗaya yana barin mahaɗa biyu masu rauni a inda suka haɗu. Dole a kankare duka kusurwoyi takwas na ciki, huɗu na tsaye da huɗu na ƙasa, a zuba sabo a zama ɗaya.

Zaɓin silikon shi ne inda kuskure ke zama kisa. Ana son silikon zalla, ɗari bisa ɗari, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na tankin kifi ne. Na banɗaki da na kicin galibi akwai maganin fumfuna a cikinsu, wanda ke narkewa a hankali cikin ruwa, kuma jatan lande sun fi kifi saurin faɗuwa a kansa. Duk kwalin da aka rubuta yana hana fumfuna ko ƙwayoyin cuta, a ajiye shi. A duba ranar ƙarewar aikinsa, domin tsohon silikon na iya ƙin bushewa sam. Kwali ɗaya mai mililita 300 ya wadatar da tankin lita 50 zuwa 100.

Da sabuwar reza ake kankarewa, a kwantar da ita a jikin gilashi, a yanka ta gefe ɗaya sannan ta ɗayan, a zare silikon ɗin kamar igiya. Kada a cusa rezar tsakanin gilashi da gilashi, domin nan ne ran tankin yake. Bayan an cire mai kaurin, akwai wata siririyar yana da ke saura wadda ido ba ya gani sai an haska ta gefe, yatsa kuwa yana jin ta. Yawancin gyaran da ya sake yoyo a nan aka yi sakaci. A canza reza sau da yawa, a ci gaba har gilashin ya yi ƙara idan an goga yatsa, sannan a goge da asiton ko sifirit, a bar shi ya bushe sarai, awa 24 idan ruwa ya shiga cikin mahaɗar. A manna salatif na takarda kamar milimita 6 daga kusurwa ta kowane gefe. A zuba silikon a layi ɗaya ba yankewa, a fara da na ƙasa, a bi da yatsa sau ɗaya a danna shi cikin kusurwa, a cire salatif ɗin nan take. Cikin minti 5 zuwa 10 samansa ke fara yin fata, don haka aikin zubawar ba ya son tsayawa. A yi shi a wuri mai iska.

Sai jira. Silikon yana bushewa ne daga waje zuwa ciki, kamar milimita 2 zuwa 3 a kwana. Awa 48 ita ce mafi ƙaranci, amma ga jatan lande gara a ba shi kwana 5 zuwa 7, har warin ya ɓace gaba ɗaya. Bayan nan a ɗora tankin a wuri shimfiɗaɗɗe a kan jarida, a cika shi kashi-kashi, a bar shi awa 48. Idan aka haɗa duka, kwana 8 zuwa 10 ke nan dabbobin suna cikin baho, kuma sau biyu za a ɗaga su, fita da komowa. Wannan shi ne ainihin tsadar wannan hanya, ba kuɗin silikon ba.

Akwai inda ba ta da amfani ko kaɗan. Idan silikon ɗin tsakanin gilashi ne ya saki, sai dai a raba fallayen duka a sake haɗa tankin daga farko, aikin da ke buƙatar matsi da gwaninta. Idan gilashin ne ya tsage, tsaga tafiya take yi. Ƙaramar tsaga a gindin ƙaramin tanki ana iya rufe ta da wani fallen gilashi da aka manna ta ciki, amma tsagar bango ba abin amincewa ba ce. Idan kuma tankin na akirilik ne, wato roba mai kama da gilashi, silikon ba ya riƙe shi, yana da nasa gam da ke narkar da gefunan su haɗe.

Hanya ta uku: sabon tanki

Ga tankin da bai wuce lita 80 zuwa 100 ba, kuma galibin tankunan jatan lande ba su wuce haka ba, wannan ce muka fi zaɓa. Ɗagawa ɗaya ce, ana iya gama ta a yini guda, kuma mataci da tsirrai ba sa kwana a waje. Kuɗin silikon da reza da sifirit da bahon jira, idan aka tara, ba su da nisa sosai da kuɗin ƙaramin tanki. A nemi mai girman tsohon daidai, don murfi da fitila da hita su zauna, kuma tsohon ruwan da aka tara ya cika mafi yawansa. Wanda ya ce bari ya yi amfani da damar ya ƙara girma, ya sani rabin ruwan ko fiye zai zama sabo, kuma abin da ake gudu ke nan.

Sabon tanki ma ana gwada shi da ruwa awa 24 kafin a amince. A wanke shi da ruwa zalla, ban da sabulu. Tanki na hannu kuwa a yi tambaya biyu: shekararsa nawa, kuma an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a ciki? Jan ƙarfe guba ne ga jatan lande ko da ɗan mitsitsi ne, don haka idan amsar e ce, a haƙura da shi. Idan ya haura shekara 10, ko gefen silikon ɗinsa na ɗagowa idan an taɓa da farce, matsalar da ake gudu ce aka sayo.

Kafin a ɗora shi, a binciki abin da ya ɓata na farkon. Teburin da ya karkace ko ya lotsa a tsakiya yana murɗa tanki, kuma zai yi wa sabon abin da ya yi wa tsohon. A auna saman da ma'aunin magina ta tsawo da ta faɗi. Teburin katakon da aka matse daga gari idan ya sha ruwa kumbura yake yi, ba ya komawa daidai. Tankin da ba shi da firam yana son shimfiɗar soso mai kaurin milimita 5 ko sama a ƙarƙashinsa, mai firam kuwa a kan firam ɗinsa yake zama. Kuma ba a ɗaga tanki da ruwa ko jiƙaƙƙiyar ƙasa a ciki, ko da taku biyu ne.

Sake silikon ya fi dacewa idan tankin babba ne, lita 150 zuwa sama, ko mai gilashi na musamman, ko wanda aka yi shi daidai wani gurbi a ɗaki, kuma an tabbatar mahaɗarsa ta tsakiya lafiya take. Wanda ba ya son jefar da ƙaramin tankinsa yana iya haɗa biyun: ya mayar da dabbobin sabon, ya gyara tsohon a natse, ya zama na ajiya.

Irin jatan landen yana sauya lissafin

Neocaridina davidi, jajayen nan da ake kira ceri da 'yan'uwansu masu shuɗi da rawaya, suna da juriya. Suna rayuwa a pH 6.5 zuwa 8 da zafin digiri 18 zuwa 28, kuma kwana goma a baho mai soson mataci ba ya gagarar su. Caridina cantonensis, masu zanen ja da fari ko baƙi da fari, labarinsu daban ne. Suna son ruwa mai laushi, pH ƙasa da 7, GH (ma'aunin taurin ruwa) 4 zuwa 6, KH (ma'aunin abin da ke tare tsami a ruwa) kusan sifili, kuma ƙasar tankin ta musamman ce ke riƙe musu wannan pH ɗin. Da zarar an raba su da ita, ruwan ba shi da abin da zai tsayar da shi. Ga waɗannan, ɗagawa biyu caca ce, sabon tanki ya fi. Kuma kada a zuba musu sabuwar ƙasa a ranar: yawancin irin wannan ƙasa tana fitar da amoniya, sinadari mai guba ga jatan lande, na makonni idan sabuwa ce. Jatan landen Amano, Caridina multidentata, suna da ƙarfi, sai dai gwanayen hawa ne. Baho marar murfi, da safe a ƙasa za a tsince su.

Yadda ake ɗaga su

Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon ruwa da tsohon soso su ne jarin. Amfanin tsohon ruwan shi ne sinadaransa da zafinsa daidai suke da abin da jikin dabbar ya saba, ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya kuwa ba a cikin ruwan suke ba, suna jikin soso da ƙasa da duwatsu. Saboda haka a fara zuƙo kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ruwan daga sama, tun yana garau, kafin a taɓa ƙasa. A ɗaura 'yar raga mai ƙananan idanu a bakin tiyon, domin jariran jatan lande milimita 1 zuwa 2 ne, kuma ba a ganinsu. Soson mataci ya shiga wannan ruwan nan take da iska tana aiki. Kada ya bushe, kada a wanke shi da ruwan famfo, kulorin na kashe abin da ke cikinsa.

Bahon jira ya zama na roba irin wadda ake ajiye abinci, wadda ba a taɓa sa sabulu ko maganin ƙwari a cikinta ba, mai cin lita 20 zuwa 40. A kwashe gansakuka da itatuwa da busassun ganye a mayar ciki kai tsaye ba tare da girgizawa ba, domin rabin jariran a nan suke maƙale, kuma yauƙin da ke jikin waɗannan abubuwa shi ne abincinsu. Manyan a kama su da raga mai laushi bayan ruwa ya ragu, ko a kwantar da kwalba da ɗan abinci a ciki a dawo bayan rabin awa. Mata masu ƙwai a ƙarƙashin ciki a kore su cikin kofi su fita da ruwansu, kada a ɗaga su a iska, saboda firgita na sa su zubar da ƙwan da suke ɗauka kusan wata guda. Idan yoyon ya ba da dama, a bar ruwa santimita 3 zuwa 5 a kan ƙasa ya kwanta, a dawo da tocila da dare, za a ga jarirai sun fito. Ko ruwan dattin ƙarshe a juye shi a farin bokiti a duba kafin a zubar.

Yashi da tsakuwa ana iya ɗauraye su sama-sama a tsohon ruwa a mayar. Ƙasar musamman idan ta tsufa farfashewa take yi ta zama laka, don haka a ɗebi ta sama kawai, kamar santimita 2, a hankali. Wadda ke can ƙasa idan tana warin ruɓaɓɓen ƙwai a zubar da ita. Bayan an shimfiɗa ƙasa a sabon tanki, a ɗora faranti a zuba tsohon ruwa a kansa don kada ya tone ta, a kunna mataci, a jira ruwan ya washe.

Idan ruwan da za su shiga ba daidai yake da wanda suke ciki ba, a haɗa su da shi ta hanyar ɗiga, kamar ƙarin ruwan asibiti: tiyon iska da aka ƙulle a tsakiya, ɗigo 1 zuwa 2 a daƙiƙa, na awa ɗaya zuwa biyu, har ruwan da ke mazubinsu ya ninka sau biyu ko uku. Giɓin da ya rage a tankin kada a cike shi rana ɗaya. A riƙa ƙara kashi 10 cikin ɗari kullum, da ruwan da aka kashe kulorin ɗinsa aka kuma daidaita GH da zafinsa. Sauyin ruwa farat ɗaya yana tilasta musu yin saɓa kafin sabon ɓawon ya shirya, shi ya sa mace-macen ba sa zuwa a ranar, sai bayan kwana biyu zuwa mako guda, wani lokaci da farin zobe a bayan kai inda ɓawon ya rabu ya ƙi fita.

Kwana biyun farko kada a ba su abinci, daga nan rabin abin da aka saba. A auna amoniya da naitirait, wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama, kullum har mako biyu, dukansu sifili ake so. Idan ɗaya ya motsa, a canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan ta hanyar ɗiga, a ƙara iska, a tsayar da abinci. Gilashin sabon tanki babu yauƙi a jikinsa, saboda haka a bar fitila awa 8 a rana, kada a goge bangon baya da na gefe har wata guda, a kuma ƙara busasshen ganyen katafa, wato itacen almon na Indiya, ɗaya ko biyu don jariran su samu abin kiwo.